Daga Sama Ko Daga Ƙasa: Wace Na'ura Ɗalibi Zai Bi Don Nazarin Ɓarkewar Hasken Gama A Gajimaren Ƙaguwa?

Ɗalibin fiziks da ya ɗauki ɓarkewar hasken gama (haske mafi ƙarfi, wanda ido ba ya gani) a Gajimaren Ƙaguwa don kundin digirinsa na biyu, tun kafin malaminsa ya sa hannu a kan batun zai iske hanya ta rabu biyu. Ko dai ya bi bayanan tauraron ɗan'adam da ke kewaya duniya, wato Fermi, ko ya bi na manyan madubai da aka kakkafa a kan tsaunuka, irin H.E.S.S. da ke Namibiya. Ido ya fi kwaɗayin na biyun, don hotunansu na da kwarjini, ga shi kuma ɗaya daga cikinsu a Afirka yake. Ni dai ra'ayina a fili yake: wanda ɓarkewar ita kanta yake son ganewa, sama zai nufa. Sai dai akwai ɗalibin da ƙasa ce ta dace da shi, kuma ina so ya gane kansa kafin ya ɓata shekara guda yana neman abu inda ba ya nan.

Bari mu fara da abin da ake kallo. A daren hunturu, in ka gano Kaza da 'Ya'yanta, ka bi gabas da ita har bakin ƙahon burujin Sa, a nan gajimaren yake, ko da yake ido kaɗai ba ya ganin sa. Ragowar wani tauraro ne da aka ga fashewarsa a shekarar 1054. Masu lura da taurari a ƙasar Sin sun rubuta cewa an yi kwana 23 ana ganin sa da rana tsaka, da dare kuwa ya kusa shekara biyu bai ɓace ba. Ibn Butlan, likitan nan ɗan Bagadaza, shi ma ya ambace shi. Nisansa daga gare mu tafiyar haske ce ta shekara kamar 6,500, faɗinsa kuwa tafiyar shekara 11. A tsakiyarsa akwai cibiyar tauraron da ya mutu, dunƙulalliya, faɗinta kamar kilomita 20, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya, kowane juyi tana haska mu kamar fitilar motar asibiti. Irin wannan tauraro shi ake kira falsa, an kuma gano na Ƙaguwa a 1968. Juyin nan yana raguwa a hankali, ƙarfin da yake zubarwa kuwa ya fi hasken rana sau 100,000. Wannan ƙarfi ne ke fita a matsayin iska ta ilektoron da takwarorinsu fositoron, masu gudun da ya kusa na haske, ita ce kuma ke hura wa gajimaren wuta.

Ma'auni ɗaya ya zama dole a riƙe, don a kansa zaɓin duka ya rataya. Ana auna ƙarfin ƙwayar haske da eV, kuma wadda idonmu ke gani ƙarfinta kamar eV 2 ne. MeV miliyan ɗaya ke nan na eV, GeV biliyan ɗaya, TeV tiriliyan ɗaya, PeV kuma TeV 1,000. Duka hasken gama ake ce musu, amma tazarar da ke tsakanin MeV 100 da TeV 1 ninki 10,000 ce, kuma na'urar da ke kama wannan ba ita ke kama wancan ba.

Shekaru da dama masana na ɗaukar Ƙaguwa tamkar dutsen awo. Tun da madubin Whipple na Arizona ya gano hasken TeV daga gare shi a 1989, duk sabuwar na'ura da shi ake fara gwada ta, har hasken sauran abubuwa ma da shi ake auna shi, a ce kaza kashi goma ne na Ƙaguwa. Sai ga Satumban 2010. Tauraron ɗan'adam na Italiya mai suna AGILE ya ga hasken gama na sama da MeV 100 ya yi tsalle, Fermi ya tabbatar, bayan kwana huɗu abin ya lafa. Da aka koma tsofaffin bayanai sai aka tarar AGILE ya taɓa ganin irinsa a Oktoban 2007, Fermi kuma a Fabrairun 2009, wanda ya ɗauki kwana 16. A Afrilun 2011 aka yi gagarumar: hasken gajimaren a wannan mataki ya ninka kusan sau 30, akwai lokacin da ya ninka biyu cikin ƙasa da awa takwas. Marco Tavani da tawagar AGILE sun karɓi lambar yabo ta Bruno Rossi a 2012 saboda wannan ganowa. Daga nan aka ci gaba da ganin ɓarkewar, kusan sau ɗaya a shekara, ba tare da wani tsayayyen lokaci ba.

Abu biyu ne suka sa masana suka tashi tsaye. Na farko saurin. Abu ba ya iya sauya haskensa gaba ɗaya cikin lokacin da bai kai wanda haske zai ratsa shi ba. Awa takwas na tafiyar haske kuwa daidai yake da faɗin da'irar da duniyar Naftun ke bi a kewayen rana. Ke nan a cikin gajimare mai faɗin shekara 11, wani ɗan lungu ne da bai fi unguwarmu ta rana ba yake rinjayar hasken gajimaren duka. Na biyu ya fi ɗaure kai. Ilektoron da ke murɗawa a cikin maganaɗisu yana zubar da ƙarfinsa ya zama haske, shi ne hasken sinkiroton, kuma iya ƙaruwar ƙarfinsa iya tsananin zubarwar. Kamar guga ce mai huji: kana ƙara ruwa yoyon na ƙaruwa, har a zo matakin da ba za ta ƙara cika ba. Lissafi ya nuna a yanayin da aka saba, wannan mataki ba ya barin ƙwayar haske ta wuce kamar MeV 160. A Afrilun 2011 kuwa ƙololuwar hasken ta tsaya wajen MeV 375. Ruwa ba ya tsami banza. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne tsinkewa da sake ƙulluwar layukan maganaɗisu, wanda Uzdensky da Cerutti da Begelman suka gabatar tun 2011: inda layuka masu fuskantar juna suka haɗu, maganaɗisun ya kan yi rauni a tsakiya, ƙarfin lantarki ya rinjaye shi, sai ilektoron su miƙe a guje ba murɗiya ba zubarwa har su kai ƙarfin PeV, sannan su faɗa cikin maganaɗisu mai ƙarfi su amayar da komai lokaci guda. Wasu kuma sun fi jingina ga cewa ɗan lungun yana tunkaro mu ne da gudu, shi ya sa haskensa ke zuwa mana a ƙarfafe. Ba a rufe wannan muhawara ba, kuma ɗalibi na da wurin sa hannu a ciki.

To, ga abin da ya sa na ce sama. Ɓarkewar tana faruwa ne tsakanin MeV 100 da kusan GeV 1, nan kuwa gonar Fermi ce. An harba shi ranar 11 ga Yunin 2008. Babbar na'urarsa, LAT, ba madubi ba ce, don hasken gama ba ya tanƙwaruwa da gilashi. Faifan ƙarfen tungistin ne jere-jere. Ƙwayar gama ta bugi ɗaya ta rikiɗa ta zama ilektoron da fositoron, faifan silikon su bi sawunsu a gane inda ta fito, wani sashe a ƙasa ya auna ƙarfinta. Tana kama daga MeV 20 har sama da GeV 300. A kowane lokaci tana kallon kashi ɗaya cikin biyar na sararin sama, kuma a tsarin aikinta na asali cikin awa uku ta kan leƙa ko'ina. Ga abin da ke zuwa ba sallama ya tafi cikin kwanaki, babu abin da ya kai wannan daraja. Ba ka buƙatar sanin ranar da zai zo. Mai gadi na nan ba dare ba rana, ba ruwansa da gajimare ko farin wata. A Afrilun 2011 har juya shi aka yi ya fuskanci Ƙaguwa kai tsaye, shi ya sa bayanan wannan ɓarkewa suka fi na kowace cika. AGILE ya kammala nasa aikin, ya faɗo cikin iskar duniya a Fabrairun 2024, don haka nauyin gadin ya koma kan Fermi.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi taɓa zuciyata, saboda ya shafi ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi. Tun Agustan 2009 bayanan LAT a buɗe suke ga kowa. Kowace ƙwayar haske da ya kama tana shiga rumbun hukumar NASA cikin 'yan awoyi, da lokacinta da ƙarfinta da inda ta fito. Manhajar sarrafa su, Fermitools, kyauta ce, haka Fermipy da ke sauƙaƙa aiki da ita ta harshen Python. Ɗaliba a Zariya ko Maraɗi mai kwamfutar tafi-da-gidanka da Linux a kai, bayanan da za ta sauke su ne dai waɗanda farfesa a Jamus ke aiki da su, ba ragowa ba. Kuma ba sai ta sauke sararin sama duka ba, yankin Ƙaguwa kaɗai za ta nema. Inda aikin ke cin lokaci shi ne lissafin haske na kowace awa shida ko goma sha biyu a tsawon watanni, don kowane yanki sai an yi masa nasa lissafin. Shawarata a nan ita ce a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowane yanki na adana sakamakonsa da kansa, ta yadda in wuta ta ɗauke ba za a koma farko ba.

Kada na yi wa Fermi kwalliyar da ba tasa ba. Idonsa dishi-dishi yake gani a ƙananan matakai. A MeV 100, inda ya ce ƙwayar haske ta fito na iya kaucewa da digiri uku zuwa biyar, alhali gajimaren duka bai fi kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Don haka zai gaya maka an yi ɓarkewa, da ƙarfinta da tsawon lokacinta, amma ba zai taɓa nuna maka lungun da ta tashi ba. An juya na'urorin hangen nesa na sararin sama, Hubble da Chandra, ga gajimaren a lokutan ɓarkewa, an zuba ido musamman a kan wani ɗan ƙulli mai haske da ke dab da falsan, amma har yau ba a sami wurin da za a nuna da yatsa a ce nan ne ba. Sannan falsan shi kansa yana fitar da gama, kuma ya fi gajimaren haske a yawancin wannan mataki. Dole ka raba su. Ana yin haka ne ta hanyar lissafa a wane ɓangare na juyin falsan kowace ƙwayar haske ta iso, a zubar da na lokacin ƙyaftawarsa a riƙe na tsakani. Wannan na buƙatar jadawalin juyin tauraron, wanda cibiyar Jodrell Bank ta kusa da Manchester ke wallafawa duk wata. Nan ne gizo ke saƙar: kuskure kaɗan a wannan mataki sai ka ɗauki hasken falsa ka ce na gajimare ne. Da wannan rabewa ne aka gane cewa ƙyaftawar falsan ba ta sauyawa lokacin ɓarkewa, wato abin daga gajimaren yake. A tuna kuma, a tsakiyar Yuni rana kan ratsa dab da Ƙaguwa, ita ma tana fitar da gama, don haka kwanakin nan a cire su.

Yanzu ƙasa. Me ya sa ma ake kafa na'ura a ƙasa, tunda iskar duniya na tare hasken gama? Saboda ƙarancinsa. Sama da TeV 1, fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya ba ya samun ƙwayar haske goma daga Ƙaguwa a shekara guda, LAT kuwa filin da yake kama haske da shi a aikace bai kai murabba'in mita ɗaya cikakke ba. Sai aka mayar da iskar ita kanta tarko. Ƙwayar gama in ta shigo sai ta tarwatse ta zama ruwan ƙananan ƙwayoyi a wajen kilomita 10 sama, su kuma su saki wani shuɗin haske, hasken Cherenkov, da ba ya wuce 'yan kashi cikin biliyan na daƙiƙa, ya sauka a fili mai faɗin kamar mita 250. Duk madubin da ke cikin filin zai gan shi. Da haka tarkon ya zama dubban murabba'in mita. H.E.S.S. na tsaunin Khomas, mita 1,800 sama da teku, da madubai huɗu masu faɗin mita 12 da wani mai mita 28 da aka ƙara a 2012. Jami'ar Namibiya da Jami'ar Arewa Maso Yamma ta Afirka ta Kudu na cikin masu tafiyar da shi. MAGIC na tsibirin La Palma da madubai biyu masu mita 17, VERITAS na Arizona da huɗu masu mita 12.

Aikinsu abin jinjina ne. Ganinsu ya fi na Fermi kaifi nesa ba kusa ba, H.E.S.S. ya iya auna girman Ƙaguwa a hasken TeV a 2019, ya same shi kusan sakan 52 na kusurwa, wato kamar kashi ɗaya cikin saba'in na digiri. Amma a batun ɓarkewa, matsalolinsu a jere suke. Sai dare, sai sama ta yi garau, sai wata bai yi haske sosai ba, abin da ke barin su da awa kamar 1,000 a shekara. Ɗan fili suke gani, digiri uku da rabi zuwa biyar, saboda haka sai Fermi ya yi kururuwa sannan su juyo. Watannin da rana ke kusa da Ƙaguwa ba sa ganin sa sam. Gagarumar ɓarkewar 2011 ta kai ƙololuwa ranar 16 ga Afrilu, kwana biyu kafin wata ya cika, a lokacin da Ƙaguwa ke faɗuwa da wuri. Ga H.E.S.S. akwai ƙarin cikas: yana digiri 23 kudu da tsakiyar duniya, Ƙaguwa na digiri 22 arewa, don haka ba ya taɓa hawa sama da rabin hanya zuwa tsakar ka, iskar da hasken zai ratsa ta yi kauri, ƙananan matakai su ɓace. Mu a Kano ko Damagaram kusan ta tsakar kanmu yake wucewa, sai dai watannin da ya fi fitowa su ne na hazon hunturu.

Duk waɗannan da sauƙi in da abin na nan. A Maris ɗin 2013 an sami dacewar da ake nema: ɓarkewa mai ƙarfi, wata na raguwa, Ƙaguwa na sama da dare. H.E.S.S. da VERITAS suka kalle shi dare bayan dare yayin da Fermi ke ganin haske ya tashi. Ba su ga sauyin komai ba. MAGIC ma haka ya samu a Satumban 2010. Wannan shiru ba asara ba ne, ilimi ne. Hasken TeV na Ƙaguwa ta wata hanya dabam yake samuwa: ilektoron masu gudu su bangaji raunanan ƙwayoyin haske su mayar da su gama, kuma taron ilektoron na gajimaren duka ne ke yin sa. Rashin motsinsa ya nuna cewa masu ɓarkewar 'yan tsiraru ne a ɗan wuri mai tsananin maganaɗisu, sun ƙone ƙarfinsu a sinkiroton kafin su bar wata alama a TeV. Amma ka lura da abin da wannan ke nufi ga kundinka: in ka bi ƙasa don neman ɓarkewa, abin da za ka rubuta shi ne iyakar abin da ba a gani ba. Manyan tawagogi sun riga sun yi wannan da bayanan da kai ba za ka samu ba.

Samun bayanan ma shi ne babban shinge. Bayanan waɗannan madubai mallakar tawagoginsu ne. H.E.S.S. ya saki ɗan somin-taɓi a 2018, a ciki akwai 'yan kallon Ƙaguwa na 2004 da na wani gajimaren falsa mai suna MSH 15-52, ana kuma sarrafa su da manhajar Gammapy ta kyauta. Sun isa koyon aiki sarai, ba su isa binciken ɓarkewa ba. Wanda ke son zurfafawa sai ya sami malami ko gurbin karatu a jami'ar da ke cikin tawagar.

Akwai kashi na uku a ƙasa da bai kamata a tsallake ba, masu kama ƙwayoyin da kansu a kan dogayen tsaunuka: HAWC a Meziko da tankunan ruwa 300 a tsayin mita 4,100, da LHAASO a lardin Sichuan na Sin a mita 4,410. Su ba ruwansu da rana ko wata. A 2021 LHAASO ya ba da rahoton ƙwayar haske mai PeV 1.1 daga Ƙaguwa, abin da ke nufin akwai ilektoron da suka haura PeV 2 a cikinsa. Wannan shaida ce mai nauyi, don irin ƙarfin da bayanin ɓarkewar ke buƙata ke nan. Sai dai a can ƙololuwa ƙwayoyin ɗai-ɗai suke zuwa cikin watanni, ba a bin abin awa takwas da su.

To wane ɗalibi ne ƙasa ta dace da shi? Wanda tambayarsa ba ɓarkewa ba ce. In abin da ke hana ka barci shi ne yadda iskar falsa ke bazuwa ta tsufa, ko iyakar ƙarfin da gajimare zai iya ba ilektoron, to gajimaren falsa su ne suka fi yawa cikin abubuwan da H.E.S.S. ya tantance a Hanyar Madara, wato babban gungun taurarin da ranarmu ke ciki, irin su Vela X da HESS J1825-137, kuma nan Fermi ne ɗan rakiya. Haka wanda ke hangen digiri na uku da aiki a CTAO, sabuwar cibiyar da ake ginawa a La Palma da Paranal ta Chile, wadda manyan madubanta za su sauko har wajen GeV 20 kuma aka tsara bayananta su riƙa fita ga kowa. Koyon Gammapy tun yanzu jari ne gare shi.

Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi rabuwa da ɓarkewa, ta kuma ƙi rabuwa da Namibiya, akwai masa mafita ɗaya da nake ganin ta fi kowace kyau, sai dai ba Ƙaguwa ba ce. PSR B1259-63 falsa ne a can kudancin sama da ke kewaya wani ƙaton tauraro duk shekara 3.4. In ya matso kusa, iskarsa ta yi karo da iskar tauraron, sai ɗan ƙaramin gajimare ya kunnu. H.E.S.S. ya gano shi a TeV a 2004, kuma yana can kudu inda MAGIC da VERITAS ba sa kaiwa. A Janairun 2011, kamar wata guda bayan kusantar, Fermi ya ga hasken GeV ya ɓarke ba zato, abin kuma ya maimaitu a 2014 da 2017 da 2021, wani zubin a makare. Bambancinsa da Ƙaguwa shi ne ana sanin lokacinsa, don haka sama da ƙasa kan shirya su jira shi tare. Kusantar baya ta kasance a ƙarshen Yunin 2024, mai zuwa kuma wajen ƙarshen 2027.

Ga wanda ya tsaya a kan Ƙaguwa, kada ya fara da neman sabon abu. Ya sauke bayanan LAT na watan Afrilun 2011 kaɗai, ya ɗauko jadawalin Jodrell Bank na watan, ya raba falsa da gajimare, ya ga ko ninki 30 ɗin nan da tudu biyun da hasken ya yi a tsakiyar watan za su fito a kwamfutarsa. In sun fito, hannunsa ya faɗa, sai ya wuce zuwa ƙananan ɓarkewar shekarun baya-bayan nan, waɗanda ba su sami kulawar da aka ba ta 2011 ba, ya duba ko su ma suna tsallake MeV 160.